Baba da Malam Birki a Kuala Lumpur

Tun da muka dawo ban huta da tambaya ba. Wanda na haɗu da shi a masallaci sai ya ce, "Malam Aminu, yaya Malesiya?" Wanda ya zo shago sayen ƙwan fitila sai ya jingina da kanta ya ce in ba shi labari. Ni kuwa in na buɗe baki sai in rasa ta inda zan fara, don ba yawon shaƙatawa na je ba. Mahaifina na kai asibiti, kuma kusan duk zaman da na yi a can hankalina a tashe yake. Shi ya sa na ce bari in rubuta gaba ɗaya, mai tambaya ya karanta.

Baba tsohon direba ne. Ya tuƙa manyan ma'aikatan gwamnati a Kaduna tun ban zo duniya ba, har ya yi ritaya. Bara ya fara haki in ya taka daga ɗaki zuwa zaure. Likitoci suka ce wani murfi a cikin zuciyarsa ya daina rufuwa daidai, sai an buɗe ƙirji an sauya shi. Ƙanwata Hauwa tana karatun digiri na uku a Kuala Lumpur, ita da mijinta, ita ta nemo asibitin. Dangi suka haɗa hannu, aka ce ni zan raka shi.

Tun daga hanyar Abuja na gane tafiyar ba za ta zo da sauƙi ba. Baba ya zauna a gaba, bai bar direban motar ya sarara ba. "Yaro, ba haka ake shan kwana ba." "Wa ya koya maka canza giya?" Ni ina baya, ba abin da nake kallo sai kafaɗunsa, ina lura da yadda numfashinsa yake hawa da sauka. A jirgi ma haka na yi. Da ya yi barci sai in matso da kunnena kusa da hancinsa. Sau ɗaya ya buɗe ido ya kama ni.

"Ban mutu ba tukuna. Koma wurinka."

A filin jirgin da muka yada zango aka kawo masa keken tura marasa lafiya, ya ce shi ba gurgu ba ne. Muka kama tafiya a wani dogon lungu mai sheƙi wanda ba ya ƙarewa. Ba mu yi rabi ba ya tsaya ya dafa bango, leɓensa ya canza launi. Ana ta kiran jirginmu, ni kuma ina tsaye riƙe da jaka biyu da tsoho, ban san wanda zan kira ba. Allah ya jefo wata ma'aikaciya da keken da ya ƙi. Wannan karon ya zauna, ya ja hula ya rufe goshi don kada a gane shi, kamar akwai wanda ya san shi a wurin.

Da muka sauka Kuala Lumpur, masu duba kaya suka ce in buɗe babbar jakar. Hauwa ta yi saƙon kuka da kuɓewa busasshiya da daddawa. Jami'in, wani matashi mai fara'a, ya kwance ƙullin daddawar ya kai hanci. Sai ya ja da baya yana ƙifta ido. Na ce a raina shi ke nan, yau za a tsare mu da marar lafiya a kan kayan miya. Na shiga bayani da Turanci da hannu, ina kwaikwayon tukunya da ludayi. Ya kira wata abokiyar aikinsa, ita ma ta shinshina. Sai ta yi dariya ta ce ai su ma suna da irinta, da ƙananan jatan lande suke yin tasu, kuma tasu ta fi wannan tashi. Suka ɗaure mana kayanmu suka ce Allah ya ba Baba lafiya.

Gidan Hauwa yana Setapak, unguwar ɗalibai, a wani dogon bene mai hawa da yawa. Baba ya leƙa taga sau ɗaya, ya ga motoci kamar ƙwari a ƙasa, bai sake matsawa kusa da ita ba. Benayen kuwa duk kamarsu ɗaya. Washegari na sauka sayo burodi, da na dawo na shiga wani ginin daban ban sani ba. Na hau, na ƙwanƙwasa ƙofar da nake zaton tamu ce, sai wani baƙin mutum ya buɗe da gajeren wando. Na fara ba shi haƙuri da Turanci.

"Malam, yi Hausa kawai," in ji shi. "Daga ganin hularka na san ka ɓata."

Ɗan Jos ne, sunansa Bitrus, yana koyarwa a wata kwaleji. Ya sa takalmi ya raka ni har ƙofar Hauwa, ya shiga ya gaida Baba a durƙushe.

Abinci kuwa sai a hankali. Shinkafarsu da madarar kwakwa ake dafa ta, yajinsu kuma da sukari a ciki. Baba ya ɗanɗana ya ture kwanon.

"Wannan miya ce ko alewa?"

"Baba, makan kaɗan mana," in ji Hauwa, don bakinta ya riga ya gauraye da yaren garin. "Ko in yi maka tapau na roti daga mamak?" Wai ya ci kaɗan take nufi, ko ta ƙunso masa gurasa daga shago.

"Yi mini Hausa, in kuma kin manta ta ki yi mini tuwo."

Abin da ya karɓe shi kawai shayin mamak ne, wato shagunan Indiyawa Musulmi da ke kowace kwana. Yana son ganin yadda mai shayin yake ɗaga kofi sama ya tsiyayo shi cikin wani ba tare da ɗigo ya zuba ba. Ya ce mai shayin bakin tasharmu yaro ne.

Mutanen garin suna da kirki, amma ba su da gaisuwa irin tamu. Ka shiga jirgin ƙasa cike da mutane, shiru kamar ana zaman makoki, kowa ya sunkuya a kan waya. Ba a nuna mutum da ɗan ali, da babban yatsa ake nunawa. Ruwan sama kuma kusan kullum da la'asar, ya zo da tsawa kamar za a tashi duniya, kafin ka nemi mafaka ya ɗauke.

A asibiti ne al'adarsu ta ba ni tsoro. Mu a gida likita yakan ja ɗan marar lafiya gefe ya gaya masa gaskiya, shi kuma marar lafiyan a ce masa da sauƙi. A can ba haka ba ne. Likitan ya zaunar da Baba, ya dube shi ido da ido, ya lissafa masa duk abin da zai iya faruwa: jini zai iya ƙin tsayawa, ɓarin jiki zai iya shanyewa, zai iya yin barcin da ba zai farka ba. Hauwa tana fassarawa tana ragewa. Ta manta Baba ya shekara da shekaru yana jin Turancin manya daga kujerar direba.

Da muka fito ya ce, "A mayar da ni gida."

"Baba, mun fa riga mun zo," in ji Hauwa.

"Na ji abin da ya ce, ba abin da ke kika ce ba. In mutuwa ce, in mutu a ɗakina, a wanke ni a gidana. Ba za a yanka ni a ƙasar da ba wanda ya san sunan ubana ba."

Likitan ya ce ko jirgin komawa ma hatsari ne a yadda zuciyar take. Da ƙyar Baba ya yarda a kwantar da shi a riƙa ba shi magani. Aiki kuwa ya ce kada a sake yi masa maganarsa. Hauwa ta yi kuka, yayyena suna ta bugo waya daga gida kowa da shawararsa, ni kuma abinci ya daina wuce mini.

Ana cikin haka, wata safiya ina riƙe da shi muna ɗan takawa a barandar ɗakunan, sai ga wani tsohon Bature a gabanmu, gajere mai sanƙo, sanye da rigar asibiti, yana tura sandar ƙarin ruwa. Wata nas ta ɓullo daga kwana da keken magunguna da ɗan sauri. Baturen ya zaro ido, ya maƙale kafaɗa, ya buga ƙafar dama a ƙasa da ƙarfi kamar mai taka wani abu. Baba ya damƙe hannuna har na ji zafi.

"Aminu! Malam Birki ne!"

Na ɗauka ciwon ne ya taɓa masa kai. Ashe a zamanin talabijin marar launi akwai wani wasan barkwanci na Ingila da ake nunawa a Kaduna. Labarin wani mai koyar da tuƙi ne wanda ya fi ɗalibansa tsoron mota, kullum yana taka birkin da babu shi a gefensa. Direbobi sukan taru a tagar falon maigidan Baba su kalla, su ne suka raɗa masa Malam Birki. Ban taɓa jin wannan labari ba sai ranar.

"Je ka tambaye shi."

"Baba, marar lafiya ne fa."

"Ni mai lafiya ne? Je ka."

Na je ina jin kunya, na ce masa mahaifina yana zaton ya san shi a talabijin. Ya tambaye ni daga ina muke. Da na ce Najeriya sai ya saki baki. Ya ce bai taɓa sanin wasan ya kai can ba. Na fassara masa sunan da direbobi suka ba shi, ya maimaita da bakinsa, "Malam Birki," ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Sunansa Mista Walter. Daga baya Hauwa ta duba a waya ta nuna mini shi yana saurayi, jama'a cike da babban zaure sun miƙe suna tafa masa. Ashe a ƙasarsu babban mutum ne, har yanzu tsofaffinsu suna maimaita maganganunsa.

Daga ranar kullum da hantsi sai ya turo sandarsa zuwa ɗakin Baba, ni ina tsakiya ina tafinta. Baba ne mai tambaya, kamar alƙali.

"Tambaye shi, sana'ar gidansu ce?"

Ya ce a'a. Ubansa ɗan dako ne a tashar jiragen ruwa, a wani gari mai sanyi a arewacin Ingila. Shi ma an kai shi dakon, ƙarfinsa bai kai ba, sai ya zama shi ne mai ba 'yan dako dariya lokacin cin abinci. Daga nan ya fara fita a wuraren shaƙatawar leburori, inda in ba ka ba su dariya ba sai su jefe ka da abin da ke hannunsu. Ya yi shekaru yana yawo gari gari da akwati ɗaya, yana kwana a ɗakunan haya masu ɗoyi, kafin wani mai shirya wasannin talabijin ya gan shi.

"Ubansa ya yarda?"

Mista Walter ya girgiza kai. Ya ce har uban ya mutu bai taɓa zuwa kallonsa ba. In aka tambaye shi aikin ɗansa sai ya ce yana Landan yana neman aiki.

Baba ya gyaɗa kai. "Ko a wurinmu haka ne. A yi dariyar mai barkwanci, a yi masa kari, amma in ya zo neman aure a ce a dawo gobe."

Mista Walter ya ba mu labarin lokacin da ba ya iya shiga kasuwa saboda jama'a, da lokacin da yayi ya juya, matasa suka zo da irin nasu barkwancin, aka daina kiransa. Ya ce ya kama shaye-shaye, matarsa ta fari ta tafi da 'ya'yansu. Da ƙyar ya samu aikin ba fasinjoji dariya a jirgin ruwan 'yan yawon duniya. Jirgin ne ya kawo shi Malesiya, ya haɗu da wata malamar makaranta 'yar asalin Sin, Madam Lin, ta raba shi da kwalba, ya aure ta ya zauna.

Wata rana Baba ya ce in tambaye shi wace irin mota ya fi jin daɗin tuƙawa. Mista Walter ya dube ni, ya dubi ƙofa, ya rage murya. Ya ce shi bai iya tuƙi ba. Bai taɓa iyawa ba. Motar wasan a tsaye take, wasu ƙarti ne suke girgiza ta daga baya.

Baba ya tashi zaune. "La'ilaha illallahu! Duk shekarun nan mutumin da ko lasin ba shi da shi muke kallo?"

Ya yi dariya har sai da nas ta leƙo. Amma Mista Walter bai yi ba. Ya ce tsoron da muke gani a fuskarsa ba wasa ba ne, shi ne gaskiyarsa. Tun yana yaro matsoraci ne. Bai taɓa hawa dandamali ba sai da ya yi amai a bayan labule. Abin da ya iya kawai shi ne ya fito da tsoron a fili, mutane su gani su yi dariya. Sannan ya nuna ƙirjinsa ya ce irin aikin Baba za a yi masa, kuma sau biyu yana ɗaga ranar aikin.

Da ya fita Baba ya daɗe yana kallon silin. Can ya ce, "In ya shiga ya fito, ni ma zan shiga."

Na kai wa Mista Walter wannan magana ina fargabar yadda zai ɗauke ta. Ya shafa sanƙonsa ya ce, "A farkon sana'ata ni ake turawa in fara fita. In jama'a suka gama jifana, sai babban ɗan wasa ya fito. Ashe har yanzu aikina ke nan." Ya ce in gaya wa Baba ba zai sake ɗagawa ba.

Ranar Juma'a da safe aka shiga da shi. Aka fito da shi gab da azahar, amma bai farka ba. Aka kai shi ɗakin masu tsananin jinya, injina suna yi masa numfashi. Ni na tafi Masjid Jamek sallar Juma'a, ban san abin da liman ya ce ba. Da aka idar na bi layin masu yadi na Masjid India, matata ta yi saƙon mayafi, mai shago yana ta warware mini kala-kala ina kallonsa kamar gunki. Na fito ban sayi komai ba, ruwa ya dake ni har tashar jirgi. Tunanina ɗaya ne: in Baturen nan ya mutu, Baba zai ce a haɗa kaya, kuma ƙila a sararin sama zai cika a hannuna.

Asabar ta wuce bai farka ba. Lahadi ma haka. Baba bai tambaye mu ba, mu ma ba mu gaya masa ba, amma ya ga hantsi ya yi har sau biyu ba a turo sanda ba. Ranar Litinin ya ce in ɗauko keke in kai shi, Hauwa ta biyo mu.

Ta gilashi muka hango shi, ya ƙanƙance a cikin wayoyi da robobi. A bakin ƙofa Madam Lin ce kaɗai a kan benci, 'yar tsohuwa siririya, da jakarta a cinya. Baba ya dubi bencin, ya dubi barandar da ba kowa.

"Ina danginsa? Ina 'ya'yan?"

Na tambaye ta. Ta ce suna Ingila, sun bugo waya.

"Mutumin da ya cika zaure da jama'a," in ji Baba. "Da a Kaduna ne, da masu gadi sun gaji da korar mutane." Ya juya wurin Hauwa. "Ke, daga yau a nan za ki zauna da ita. Ki kawo mata abinci, kada ki tambaye ta ko tana so."

Na juya keken za mu koma, ina jiran ya ce a nemo tikiti. Sai da muka kai ƙofar ɗakinsa ya ɗaga hannu na tsaya.

"Aminu, na ce muku so nake in mutu a ɗakina. Ba ƙarya na yi ba, amma ba shi ke nan ba. Tsoro nake ji. Wancan ya faɗi nasa a gaban kowa, kuma ya shiga. Kira mini likitan."

"Baba, ka ce sai ya fito."

"Na fasa jira. Kira shi kafin in canza."

Ba zan iya ba ku labarin ranar aikin Baba dalla-dalla ba, don ban riƙe komai ba. Na san dai mun zauna a benci ɗaya, ni da Hauwa da mijinta da Bitrus, wanda ya bar aikinsa ya zo, da Madam Lin. Ina jan carbi, ita tana murza wani abin wuya a hannunta. Duk ƙofar da ta motsa sai mu miƙe tare. Da likitan ya fito ya sauke takunkumin fuskarsa ya ce an gama lafiya, sai na zauna a ƙasa. Madam Lin ce ta miƙo mini ruwa.

Mista Walter ya farka Baba yana kwana na biyu da aiki. Ya farka da rauni, harshensa ya yi nauyi, magana sai an kasa kunne. Ba a bar su sun ga juna ba sai ranar da aka sallame mu. Na tura Baba har bakin gadonsa, kowannensu rungume da ɗan matashin kai da ake ba masu irin wannan aiki su danne ƙirji in za su yi tari. Suka dubi juna. Ina shirin fara tafinta, sai na ga Baba yana ɓalle maɓallan rigarsa. Ya buɗe ƙirji, ya nuna ɗinkin tun daga ƙasan wuya, ya yi wa Baturen alama da haɓa, wato nuna naka. Madam Lin ta buɗe masa. Baba ya leƙa, ya gwada da tafin hannu, ya gwada nasa, ya girgiza kai cike da raini.

"Gaya masa nawa ya fi tsawo. Shi wasa aka yi masa, kamar motarsa."

Ban ƙarasa fassarawa ba Mista Walter ya ƙanƙame matashinsa, kafaɗunsa suna rawa, hawaye yana bin kuncinsa, yana dariya yana cewa wayyo da yarensu. Injin da ke gefensa ya fara ƙara. Nas ta shigo da gudu tana faɗa da Malayanci, tana nuna mana ƙofa da babban yatsa. Baba ma ya danne nasa matashin, fuskarsa a yamutse don zafi, ya kasa dainawa.

"Tura ni, Aminu," ya ce da ƙyar. "Tura ni mu fita, kafin mu kashe musu Bature."